Ungozoma Ke Fita Ƙarshe

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

Sun kira ni asibiti yau. Na ɗauka irin ta kullum ce, firinta ta ƙi aiki ko wata ta manta lambar shigarta. Ashe rusau za a sa ni.

An rufe sashen haihuwa tun watan jiya, an haɗe shi da na babban asibiti. Gadaje takwas ɗin an kwashe, ko labule ba a bari ba. Abin da ya rage shi ne na cikin kwamfuta. Shugaba, wadda na sani tun tana ɗalibar jinya mai tsoron jini, ta miƙo mini takarda da hatimi: a cire tebur goma sha huɗu na sashen haihuwa daga rumbun bayanai kafin Juma'a, 28 ga wata. Na rigakafi da na ɗakin magani a bar su, ana aiki da su.

"Baba Akawu, kai ka gina su, kai ka san wane ya jingina da wane. In na ba mutumin kamfani, ɓarna zai yi mini."

Na ce shekarata goma sha ɗaya da yin ritaya. Ta ce ai ba ta ga na daina zuwa ba.

A bakin ƙofa Maigadi ya ce ya ji zan fitar da tebura, ko akwai mai ƙafa huɗu lafiyayye ya kai gida? Na yi masa bayani: tebur a kwamfuta kamar babban rajista ne, layi bayan layi, kowane layi mace ɗaya ko haihuwa ɗaya. Ya ce to ni da rajistata mu ƙarata.

Matakalar ofishin nan hawa goma sha tara ce. Da can ban san adadinta ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Na dafa ruwa a falo da butar lantarki. Ya fi sauƙi. Ba wani dalili.

Talata, ƙarfe 3 na rana

Umarnin ba shi da wuya. Kalma biyu ce, DROP TABLE, sai sunan tebur, sai ka danna. Ba ya tambayarka ko ka tabbata. Abin da aka yi shekara talatin ana cikawa, kafin ka ɗaga yatsa ya tafi, da layukansa da gurabensa har da sunansa.

Shi ya sa nake da ƙa'ida. Ba na buga umarnin gogewa kai tsaye. Sai na rubuta shi da fensir a takarda, na karanta da ƙarfi, mutum na biyu yana bi da yatsa. In daidai ne ya ƙwanƙwasa katako sau biyu. In bai ƙwanƙwasa ba, ba na dannawa. Dokar ta samo asali ne tun shekarar da na share bayanan wata guda da hannuna, muka yi kwana tara muna sake bugawa daga katuttuka, ni da matata. Ungozoma nake ce mata, ita kuma Akawu, shekara arba'in da shida ba mu ɓata wa juna suna ba. Ita ta kafa dokar, ita ce kuma mai bi da yatsa tun daga ranar. Ko tana tsakiyar aiki sai ta wanke hannu ta hau sama, ta yi tsakinta, ta ce, "Karanta, Akawu, ina da mai naƙuda."

Yau na roƙi Shugaba ta zauna ta bi mini.

"Baba, na riga na sa hannu a takarda. Me kuma za ka karanta mini?"

Ta fita tana amsa waya. Na dawo gida ban cire ko ɗaya ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na hawo da Maigadi. Sa'ana ne, ko ya ɗan girme ni, amma ya riga ni kaiwa sama yana dariya. Na ba shi takarda, na nuna masa inda zai sa yatsa. Ban kai ga sunan tebur ba ya buga katako, ba sau biyu ba, sau huɗu, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa.

"Ka jira in gama mana!"

"Akawu, ni na yarda da kai."

"Ba yarda nake nema ba. Wanda bai yarda da ni ba nake nema."

Ya ce to wannan sai a gidana. Sai ya ce Allah ya ba matata lafiya, ya sauka.

Duk da haka na cire biyar, waɗanda ba abin da ke cikinsu da zai dami kowa: na gwaji guda biyu, na gadaje, na kayan aiki, na jadawalin hutu. Saura tara.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Wa ya canja madannan nan? Baƙaƙen ƙanana, ba sa ƙara, ba ka sanin ka danna ko ba ka danna ba. Na tambaya aka ce an yar da tsofaffin. Ba a tambayi kowa ba.

Huɗu. Saura biyar.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

'Yata ta kira.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Ke alƙali ce?"

Ta ce Mama ta zauna a kujera yau kusan awa biyu, ta riƙe cokali da hannun hagu. Na ce madalla. Ta ce mota biyu ce kawai daga wajena zuwa wajensu. Na ce gwiwa.

"Gwiwar da ke hawa matakalar asibiti kullum?"

Na ce layin ba kyau.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Ba komai.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 3:40 na rana

Na cire biyu. Saura uku: masu_ciki, ungozomomi, haihuwa.

Na ce bari in fara da masu_ciki. Na'ura ta ƙi. Ta ce akwai mai dogaro da shi. Na koma kan ungozomomi, ta ƙi, dalili ɗaya. Na zage ta da ƙarfi har wata ma'aikaciya ta leƙo.

Gaskiyarta ce, ni na ɗaure su haka da hannuna. Kowane layi a cikin haihuwa yana riƙe da lambar uwa da lambar ungozomar da ta karɓa. Muddin haihuwa na nan, ba za a cire uwa ba, ba za a cire ungozoma ba. Wanda ya dogara shi ke fara tafiya. Ungozoma ba ta taɓa koyon wannan a littafi ba, amma tana da yadda take riƙe shi: a fara sallamar jarirai, sannan iyayensu mata, ungozoma ce ke fita ƙarshe ta ja ƙofa.

Ke nan haihuwa ne na gaba.

Na ce ido ya gaji, na kashe.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Ban yi niyyar buɗe shi ba. Na ce kawai in ƙirga layukan don rahoto. Dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da shida.

A ƙarshen kowane layi akwai gurbin da na sa wa suna bayani, mai cin harafi ɗari da ashirin. Na yi shi ne don a rubuta irin "an yi ɗinki" ko "an tura babban asibiti". Sauran ungozomomi haka suka yi. Matata ko oho.

"Mace, kilo uku. Uwar ta cije ni. Na yafe."

"Tagwaye. Uban ya suma a baranda, shi ya fi ba mu wahala."

"Namiji. Ya fito yana mita kamar Akawu."

Ta san ina duba bayanan duk Juma'a. Shekara ashirin da takwas tana zagina ta cikin rumbun bayanan asibiti, ba wanda ya sani.

Na ji muryar. Wallahi na ji ta, har da yadda take jan kalmar ƙarshe. Wata huɗu ke nan rabona da jin muryar nan.

Sai da Maigadi ya hawo ya ce za a rufe.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Na tambayi Shugaba ko gurbin bayani ya bi sauran zuwa sabon tsarin babban asibiti. Na san amsar, ni na yi aikin kwashewar ranar nan. Amma na tambaya.

"Ba shi da gurbi a can, Baba. Suna, rana, nauyi, lambobi. Surutu ba ya shiga."

Surutu.

Tsofaffin kwafe-kwafen ajiya ma ranar 28 za a lalata su, yana cikin takardar. Na sake karantawa da tabarau biyu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Akwai dabara da duk mai wannan aiki ya sani. In ka rubuta BEGIN kafin umarni, na'ura tana riƙe abin da ka yi a hannu, ba ta zartar ba. In ka ce COMMIT, ya tabbata, ba dawowa. In ka ce ROLLBACK, komai ya koma yadda yake kamar ba a taɓa ba.

Na yi BEGIN. Na cire haihuwa. Na nemi tebur ɗin, ta ce babu mai wannan suna.

Na duba agogo. Na jure daƙiƙa arba'in.

ROLLBACK. Dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da shida.

Wannan gwaji ne, ba ya buƙatar mai bi da yatsa. Kowane ma'aikacin kirki yana gwadawa kafin ya zartar.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Gwaji biyu. Minti ɗaya da rabi.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Na fita sayen batir na dawo da filashi, ɗan abin nan na kwafe bayanai daga kwamfuta. Mai shagon ya ce zai ɗauki finafinai ɗari. Abin da nake so bai kai hoto ɗaya nauyi ba. Layi biyu na umarni, minti ɗaya, ya shiga aljihu, ba mai sani har abada.

Na ajiye shi kan rediyo.

Ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu a kan cewa abin da na gani a rajista ya mutu a idona. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa faɗa wa kowa ko wace ce ta zo awo ba. Ƙanwata ma ta yi fushi da ni wata uku a kan haka.

Ga tururuwa sun yi layi daga ƙarƙashin ƙofar kicin. Na sa tsumma na toshe.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Na kai wa Shugaba shawara, na tsara ta tun a mota. Akwai kalmar da ke yanke igiyar da ta ɗaure tebur da tebur, CASCADE. Ban taɓa son ta ba, aikin malalata ne. Amma da ita zan iya cire masu_ciki da ungozomomi, sunaye duka su tafi, a bar haihuwa shi kaɗai a wani lungu. Ba suna, ba adireshi. Wa zai cutu?

Ta rufe ƙofa. Ba ta saba ba.

"Baba, buɗe mini na kowace shekara ka ga."

Na buɗe. Ta sa yatsa a fuskar kwamfutar, ta gangara, ta tsaya. Ga rana, ga nauyi, ga bayani: "Kada dangin miji su sani. Ta roƙe ni."

"Wa bai san ranar haihuwar ɗan maƙwabcinsa ba? Matar nan tana nan da ranta. Mama ta rubuta ne don ta san kai kaɗai za ka gani."

Na ce ai ni ba yaro ba ne da za a koya mini amana. Ta ce ta sani, shi ya sa ta kira ni ba mutumin kamfani ba.

Filashin yana aljihuna duk wannan magana. Ji nake kamar yana da zafi.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Abin kunya.

Na yi BEGIN, na cire haihuwa, na ce yau zan jure minti biyar. Na jingina. Jiri ne ko gyangyaɗi ban sani ba. Na farka da mai rigakafi a kaina, jibgegiyar matar nan mai murya.

"Baba Akawu, me ka taɓa? Kwamfutata ta sandare tun ɗazu! Mata ashirin a layi, yara na ta tsala ihu, ni kuma na buɗe kwalbar allura!"

Muddin na'ura na riƙe da abu a hannu, tana kulle duk abin da ya haɗu da shi. Ashe shafin rigakafi har yanzu yana leƙa masu_ciki don lambar wayar uwa. Ni na yi wannan haɗin shekara tara da suka wuce, na manta sarai. Minti hamsin na riƙe musu ƙofa ina barci.

ROLLBACK. Sau uku ina kuskuren harafi. Na kwashe lambobin wayar zuwa tebur ɗin rigakafi, na raba su. Da ban yi barcin ba da sai ranar 28 za a gane, to ko a nan an ci riba. Na faɗa wa Shugaba haka. Ba ta yi dariya ba.

Ta buɗe tarihin umarnin da aka ba na'ura, ta ƙirga da baki.

"Goma sha ɗaya, Baba. Sau goma sha ɗaya ka cire ka mayar."

"Gwaji ne."

"To. Juma'ar sama ƙarfe goma sha biyu. In ya wuce, mutumin kamfani zai yi daga ofishinsa, ba sai ya zo ba."

Daga ofishinsa. Yana cin gyaɗa, watakila.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Ban je ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Ban je ba. Wayar tana kan matashi, na ƙure mata ƙara. Sau shida na duba ko a kunne take. A kunne take. Yanzu kullum a kunne take, ga amfanin da hakan ke yi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na je. Ban gwada komai ba, karatu kawai na yi. Na bi shekara uku.

"Ba ta zo da rai ba. Na wanke ta da kaina."

Ranar ta dawo gida ba ta ce mini komai ba. Na tuna na yi mata faɗa a kan ta bar fitilar waje a kunne.

Na tsallaka zuwa layinta na ƙarshe, ranar da ta ajiye aiki. "Ta ƙarshe. Mace, lafiya lau. Akawu, ka sayo burodi."

Ban tuna ko na sayo ba.

Yanzu na duba baya na ga na kwafe guda shida a littafin nan. Ba suna, ba rana. Amma kwafe kwafe ne. Ga mai amana.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

'Yata ta kira, na ba ta labarin aikin don kada ta fara nata. Na ce ba ni da mai bi mini takarda, duk garin nan ba mai haƙurin bin layi uku da yatsa.

"Ka kawo wa Mama."

"Kada ki yi mini wasa."

"Ba wasa nake ba. Jiya na ba ta maganin safe da yamma, ta ture hannuna. Tana nan, Baba. Magana ce babu."

Na ce na ga yadda ta dube ni ranar da na zo.

"Sau ɗaya ka zo, ka tsaya a bakin ƙofa da hularka a hannu, minti goma. Yaya kake so ta dube ka?"

Ta ci gaba.

"Ba wanda ya ce maka komai a kan awa biyar ɗin nan da Mama ta yi kwance a kicin tana kiranka. Ni ban ce ba, likita bai ce ba. Kai ne ke ta faɗa wa kanka. Aiki kake yi, kullum in kana aiki kashe waya kake, ita ma ta sani."

Wannan karon layin da gaske ya yanke. Ni na yanke shi.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Yarinyar nan ba ta da kunya. Halin uwarta ne tsaf.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na sa filashin a na'ura. Na rubuta layi biyun. Na zauna ina kallonsu.

Sai na lura ban rubuta su da fensir ba tukuna, ban kuma karanta wa kowa ba. Na gwada karantawa da ƙarfi a ɗakin ni kaɗai. Ban kai ƙarshe ba. Na san wadda ba za ta ƙwanƙwasa ba ko da za a shekara.

Na zare. Na ba Maigadi ya sa waƙoƙi. Ya ce rediyonsa ba shi da ramin, amma ya karɓa.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Na shiga kicin. Ɓaraguzan kofinta na nan a gindin firij, da tabon shayi a ƙasa ya bushe ya yi baƙi. Na share. Durƙusawa ta yi sauƙi, tashi ne ya ci mini minti goma, na kama ƙofar kabad na kama murhu. Daga ƙasan nan ba a kaiwa ga komai. Wayar bango tana da nisa ƙwarai. Amma Ungozoma ta kai.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na feƙe fensir. Na rubuta layi ukun a sabuwar takarda, da manyan baƙaƙe. Na goge takalmi. Rigar da ta fi kyau ba ta da maɓalli ɗaya a hannu, ba yadda zan yi.

Laraba, ƙarfe 6:20 na yamma

Mota biyu ce, amma a ta biyun ba wanda ya tashi ya ba ni wuri sai wata mai ciki. Na ƙi. Muka yi ta gardama har ta sauka.

'Yata ta buɗe, ta dubi takalmin, ta ba ni hanya ba tare da gori ba. Allah ya yi mata albarka.

Ungozoma tana kujera kusa da taga, an sa mata katako a gaba irin na cin abinci. Ta rame. Gefen dama na fuskar yana nan yadda na bar shi. An yi mata kitso, wanda da kanta ba ta taɓa samun lokacinsa ba.

Na ce, "Ungozoma." Ta dube ni. Ban san me ke cikin kallon ba, ban kuma tsaya neman sani ba, don in na tsaya zan koma bakin ƙofa. Na ja kujera, na shimfiɗa takardar a kan katakon.

"An rufe sashen. Saura uku. Ba ni da mai bi."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan hannun hagu ya taso, yatsa ya sauka a layin farko.

Na karanta. Masu_ciki. Ungozomomi. Haihuwa. Yatsan yana bi, a hankali, yana karkacewa yana dawowa. Na gama. Na jira.

Ba ta ƙwanƙwasa ba.

'Yata ta ce daga baya, "Baba, wataƙila ta gaji." Na ce ki yi mana shiru.

Yatsan ya koma kan haihuwa, ya danna har takardar ta lotsa, ya ja shi sama zuwa kan layin farko. Ya dawo kan ungozomomi, ya ja shi ƙasa.

Na rantse ban lura ba. Shekara talatin da ɗaya, kuma ni na rubuta dokar a littafin nan da hannuna mako biyu da suka wuce. Hannun ne ya ajiye shi ƙarshe bai gaya mini ba.

Na goge, na sake rubutawa. Haihuwa. Masu_ciki. Ungozomomi. Na karanta.

Ƙwas. Ƙwas.

'Yata ta fita da sauri, wai ta bar abu a wuta.

Na ce, "Kin san bayananki duk za su tafi? Mai cizon, da tagwayen, da wanda ya yi kama da ni. Ba su da gurbi a sabon."

Sai ta yi tsaki. Rabin baki ne, iska ta fi yawa, amma tsakin ne, wanda take yi in na tsaya dogon bayani tana da mai naƙuda.

Na ce mata na kwafe shida a littafina. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta kaɗa mini. Na ce ba suna. Ta sauke yatsan, ba da son ranta ba.

Sannan na faɗi ɗayar maganar. Na ce, "Ranar nan na ga kiran naki sai da na sauko. Tara ne. Na ƙirga."

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ban sa rai ba, ai ba daidai ba ne. Ta kama hannun rigata, ta juya shi, ta sami wurin da maɓallin ya ɓalle. Ta riƙe wurin har 'yata ta shigo da shayi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Duk jikina ciwo. Na nemi maɓalli a gwangwaninta na ɗinki, na sami mai kama. Zaren ya ƙi shiga allura, na bar shi.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 11:35 na safe

Hawa goma sha tara.

Shugaba ta zo ta tsaya a bayana, na ce ba sai ta tsaya ba, an riga an bi mini. Ta dubi takardar, ta ga inda ta lotsa, ta ja kujera ta zauna duk da haka.

BEGIN. Layi uku, yadda suke a rubuce. Na'ura ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba. Na duba na rigakafi, na duba na ɗakin magani, lafiya. Na aika aka tambayi mai rigakafi, ta ce a gaya wa Baba Akawu kwamfutarta na aiki, kada ya yi barci.

COMMIT.

Na'ura ta amsa da kalmar kawai. Na sa hannu a takardar Shugaba, goma sha huɗu cikin goma sha huɗu, na miƙa mata mabuɗin ofis. Ta ce in riƙe. Na ce nauyi yake mini a aljihu.

Juma'a, ƙarfe 12:50 na rana, a tashar mota

Na sayi burodi. Maɓallin da allurar suna cikin ambulan, 'yata za ta zura zaren, Ungozoma kuma ta nuna mana inda muka yi kuskure.

Yau ba ni da takardar da zan kai mata. Haka nan zan je.